Kara, Yumɓu da Labari: Ayyukan Ƙirƙira a Makarantar Lahadi ta Yara

Makarantar Lahadi aji ne da ikilisiya ke buɗe wa yara ranar Lahadi, ko dai kafin babbar sujada, ko kuma a daidai lokacin da manya ke cikin majami'a suna sauraron wa'azi. A nan ake koya musu labaran Littafi Mai Tsarki, da addu'a, da waƙa, da ladabi, gwargwadon shekarunsu. Ayyukan ƙirƙira kuwa su ne abubuwan da yaro ke yi da kansa a cikin wannan aji domin darasi ya zauna masa: zane, ginin yumɓu, haɗa kayan wasa da kara, wasan kwaikwayo, tsara waƙa, kacici-kacici da makamantansu. Malaman da suka daɗe a wannan hidima sun san cewa labarin da yaro ya ji da kunne kawai yakan zube tun kafin ya isa ƙofar gida, wanda kuwa ya gina da hannunsa, ko ya fito a cikin wasansa, yakan bi shi har tsufa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wajen yaro, abin da hannunsa ya yi ya kori duka biyun.

A ɗauki misalin Keffi. Gangaren Tudu ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Keffi a Jihar Nasarawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Keffi tsohon gari ne mai sarauta, wanda Abdu Zanga ya kafa a wajajen farkon ƙarni na 19, yana kuma kan babbar hanyar da ta taso daga Abuja ta nufi Akwanga da Lafiya. Jami'ar Jihar Nasarawa, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da kusancin garin da Abuja, sun jawo ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai daga ko'ina. Shi ya sa yaran da ke zama kan benci ɗaya a majami'un Keffi sukan fito daga gidajen Mada, da Eggon, da Gbagyi, da Yeskwa, da Gwandara, da Tibi, da Ibo, da Yarbawa, da Hausawa Kiristoci. Wani da Hausa ya buɗe baki, wani da Turancin buroka, wani kuwa harshen kakanninsa ne ya fi zama masa. A irin wannan aji, hoto da waƙa da motsin jiki suna kaiwa inda dogon bayani ba ya kaiwa.

Makarantar Lahadi irin ta yau ta samo asali ne daga Ingila. A 1780, wani mai buga jarida a garin Gloucester, Robert Raikes, ya lura da 'ya'yan talakawa masu aikin ƙarfi a masana'antu kwana shida a mako, waɗanda ranar Lahadi sukan cika tituna ba mai kwaɓa. Sai ya samo wasu mata yana biyansu, suna koya wa yaran karatu a cikin gidajensu, Littafi Mai Tsarki ne kuma littafin karatun. Ya bayyana tsarin a jaridarsa, ba a daɗe ba ya bazu a Ingila ya ƙetara Amurka. Da gwamnatoci suka ɗauki nauyin karatun firamare, sai makarantar Lahadi ta koma kan tarbiyyar addini.

Aikin hannu ya shigo ne daga baya, ta hannun masana tarbiyyar ƙananan yara. Friedrich Froebel na Jamus, wanda a 1840 ya raɗa wa makarantarsa sunan da ke nufin lambun yara, ya gina koyarwarsa kan wasa, da waƙa, da naɗe takarda, da ginin yumɓu. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Roma a 1907, inda ta bar yaro ya koyi abu ta hanyar taɓa shi da juya shi. A wannan birnin dai, a 1954, Sofia Cavalletti da Gianna Gobbi suka fara koyar da addini da 'yan siffofin katako na makiyayi da tumakinsa, yaro ya riƙa motsa su yana maimaita labarin. A cikin ƙarni na 20 ne kuma allon ƙyalle ya yaɗu, wato allon da aka lulluɓe da yadi mai gashi-gashi, ana manna masa hotunan da aka yanka ana cirewa yayin da labari ke tafiya.

A arewacin Nijeriya, makarantar Lahadi ta zo tare da 'yan mishan. Ƙungiyar SIM ta fara yunƙurinta a 1893, daga aikinta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ƙungiyar SUM ta iso a 1904, daga aikinta a yankin Dutsen Mada kuma aka sami ikilisiyar ERCC, mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga, wadda ke cikin Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya da aka kafa a 1955. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar. Wannan ya sa Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa. A ƙauyuka, mai bishara shi ne malamin karatu, kamar dai yadda aka fara a Gloucester. Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, kuma ta yi suna wajen tsara waƙoƙi da karin gida, da tulu da caki da ganga, aka sami hanyar koyarwa wadda yaro ya riga ya saba da ita tun yana goye.

Ikilisiya tana da hujjarta daga cikin Littafi Mai Tsarki. Littafin Fitowa sura 31 ya ambaci Bezalel da Oholiyab, masu sana'ar hannu da aka ba gwaninta domin aikin alfarwar sujada. An aiki annabi Irmiya gidan maginin tukwane ya ga darasi da idonsa. Yesu ya yi koyarwa da tsabar kuɗi, da tsuntsaye, da furannin jeji, ya kuma tsawata wa almajiransa sa'ad da suka hana a kawo masa yara, kamar yadda ya zo a Markus sura 10.

Aikin farko, wanda sauran duka ke rataye a kansa, shi ne ba da labari. A wannan fanni malamar makarantar Lahadi, wadda yara ke kira Anti ko Malama, tana da gwanar da za ta yi koyi da ita, wato kaka mai tatsuniya. Kaka ba ta karantawa daga takarda. Takan sauya murya, ta yi shiru a inda zuciya ke ɗar-ɗar, ta jefa tambaya, ta ba yara amshin da za su riƙa karɓawa. Duk waɗannan dabaru suna aiki a labarin Dawuda da Goliyat, ko na Daniyel a ramin zakuna. Abu ɗaya ne ba a arowa daga kaka, shi ne mabuɗin tatsuniya da marufinta, domin yaron da ya tashi da Hausa ya san cewa labarin Gizo da Ƙoƙi shiryawa aka yi, ikilisiya kuwa tana koyar da labaran Littafinta a matsayin gaskiya.

Labari yakan ƙara zama idan an haɗa shi da abin da ake gani. Misalin mai shuka, a Matiyu sura 13, ya dace da farkon damina. Yara su zaɓi wurare huɗu a harabar majami'a: kan hanyar da ake takawa, kan tsakuwa, cikin ciyawa mai ƙaya, da ƙasa mai taki. Su watsa wake ko masara a kowane wuri, su riƙa dubawa Lahadi uku ko huɗu a jere. Wake ba ya kai mako bai tsiro ba, saboda haka tun Lahadi ta biyu za a fara ganin bambanci, kaji ma sun riga sun tsince na kan hanya. Misalin magina biyu, a Matiyu sura 7, ana yinsa cikin minti biyar: a ɗora ɗan gida ɗaya kan faffaɗan dutse, ɗaya kan tulin yashi, a ba yaro buta ya kwarara ruwa.

Aiki na biyu shi ne zane da shafa launi. Ba sai an sayi kwalin fenti ba. Gawayi yana ba da baƙi, ruwan zoɓo ja, gangamau rawaya, shunin wanki shuɗi, ɗanyen ganye da aka daka kore, jar ƙasa kuma ruwan ƙasa. Tsinken asuwaki da aka daddaka bakinsa, ko gashin kaza, ya isa buroshi. Bayan tsohuwar kalanda da kwalin taliya sun isa takarda. Ƙaro ko dafaffen sitacin rogo ya isa abin mannawa. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai ƙasa da yatsa.

Akwai bambanci tsakanin ba yaro hoton da aka riga aka zana ya cike shi da launi, da barinsa ya zana nasa. Na farko yana gyara riƙon alƙalami, na biyu yana tilasta masa ya tuna labarin, ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci a ciki. Idan darasin kwanakin halitta ne, a Farawa sura 1, sai a raba aji kashi shida, kowane kashi ya zana aikin kwana ɗaya, a jera takardun a bango, yara su bi su suna ba da labarin da bakinsu. Hotunan da ake shigowa da su daga waje sukan nuna kowa a siffar Bature. Ya kamata yara su san cewa yawancin labaran sun faru ne a Gabas ta Tsakiya da Masar, cewa mutumin Habasha na cikin Ayyukan Manzanni sura 8 ɗan Afirka ne, Saminu Bakurane da ya ɗauki gicciye kuma daga ƙasar da a yau ake kira Libiya ya fito.

Akwai kuma littafin da babu rubutu a cikinsa sai launuka, wanda ake danganta farkonsa da wani wa'azin Charles Spurgeon a Landan a 1866. Kowane shafi yana tsaye a madadin sashe ɗaya na bishara, yara kuma kan iya ɗinka nasu da ƙyallayen tela ko su jera shi da duwatsun ado. A nan malami yakan kula da harshensa: shafin zunubi shafin duhu ne, irin duhun da haske ke kora. Ba a barin yaro ya tafi gida da tunanin cewa launin fatarsa ne ake nufi.

Aiki na uku shi ne gini da yumɓu da kara, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, Bagwariya ce da ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Ana tsince tsakuwa daga yumɓu, a kwaɓa shi ya yi laushi, a ba kowane yaro curi ɗaya kamar girman lemo. Da shi za a gina tumakin makiyayi, ko fitilun 'yan mata goma na Matiyu sura 25, ko randuna shida na bikin Kana, ko gurasa biyar da kifi biyu. A inuwa ake shanya su, domin rana mai zafi tana tsattsaga ɗanyen yumɓu. Labarin shanyayyen da abokansa huɗu suka zuraro ta rufin ɗaki, a Markus sura 2, yakan rikita yaron da rufin kwano kaɗai ya sani. Da zarar an gina ɗan soro mai shimfiɗaɗɗen rufi da matakala a gefe, irin na tsofaffin gidajen ƙasa, sai labarin ya warware.

Kara kuwa kowane yaron da ya taɓa haɗa motar kara ya san sirrinsa: a ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a riƙa soka wannan cikin wancan. Da wannan dabarar ake haɗa jirgin Nuhu, a gwada shi a cikin baho, ko komin dabbobi na labarin haihuwar Yesu. Da kaba ko ganyen giginya ake saƙa ɗan kwandon da aka sa jariri Musa a ciki. Ƙyallayen da tela zai zubar sun isa a manna rigar Yusufu mai ado. A wannan fanni sau da yawa yaran sun fi malamin iyawa, malami mai hikima kuma yakan bar su su nuna masa.

Aiki na huɗu shi ne wasan kwaikwayo. Al'adar nuna labarin haihuwar Yesu da mutane da dabbobi masu rai ana danganta ta da Faransis na Assisi, wanda ya shirya irinta a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223. Kayan wasa suna cikin kowane gida: zani ya zama alkyabba, tsohon mayafi ya zama rawani, auduga ta zama gemu, sanda ta zama ta makiyayi. Ƙananan yara ba sa buƙatar haddace dogon zance. Malama tana ba da labari, su kuma suna aikatawa. Labarin Basamariye mai kirki, a Luka sura 10, yana da gurbin mutane da yawa: matafiyi, 'yan fashi, firist, Balawe, Basamariye, mai masauki, har da jaki, wanda shi ne aka fi rububi a kansa. Manyan yara kuwa ana iya ba su aikin dawo da labarin wannan zamani: hatsari ya auku a hanyar Keffi zuwa Abuja, masu wucewa sun tsaya suna ɗaukar hoto da waya, wane ne zai ɗauki wanda ya ji rauni zuwa asibiti? Su za su tsara maganganun, a wajen tsarawar ne kuma ma'anar maƙwabci ke fito musu fili.

Rabon gurbi yana buƙatar adalci. Idan kullum 'yar fasto ce Maryamu, kullum yaro mai hasken fata ne mala'ika, kullum ɗan talaka ne ɓarawo, to aji ya koyi wani darasi dabam da wanda aka shirya. Ana juya gurbi daga mako zuwa mako. Yaro mai kunya kuma yakan sami bakin magana idan aka sa masa 'yar tsanar safa a hannu, ya ɓuya a bayan benci, tsanar ce ke magana.

Aiki na biyar shi ne waƙa da haddar aya. Zabura ta 150 ta lissafa kayan kiɗa iri-iri na yabo, yara kuma za su iya ƙera nasu: gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, marafan kwalba da aka huda aka jera a waya, ƙwarya da aka kife a kan ruwa, tulu da ake bugun bakinsa da tafin hannu. Ayar haddacewa takan shiga da sauri idan yaran da kansu suka ɗora ta a kan kari irin na gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amsawa da tafi. Wata dabarar ita ce a rubuta ayar a allo, a riƙa share kalma ɗaya-ɗaya ana maimaitawa har allon ya zama fayau. Wata kuma a rubuta kowace kalma a guntun kwali, a cakuɗa, ƙungiyoyi su yi tseren jerawa. Domin sanin jerin littattafai, ana tara kwalayen ashana, a rubuta wa kowanne suna: 39 na Tsohon Alkawari da 27 na Sabon Alkawari, jimla 66, a wajen Katolika kuwa 73. Kacici-kacici a kan mutanen Littafi Mai Tsarki yana da daɗi musamman idan yara ne suka ƙirƙiro tambayoyin.

Shekarar ikilisiya da shekarar manomi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, malami kuma yana cin moriyar haka. Kirsimeti yana zuwa cikin hunturu, bayan girbi, lokacin da kara da ciyawa ke ko'ina. Lahadin ganyen dabino da Ista suna faɗowa a watan Maris ko Afrilu, lokacin saƙa ƙananan gicciye da ganye, da gina kabarin da aka tarar babu kowa a ciki da ɓarin ƙwarya da dutse a bakinsa. Damina lokacin shuka ne da samun yumɓu mai laushi. Dogon hutun watan Agusta ya dace da makon nazarin Littafi Mai Tsarki na yara, inda ake samun sararin manyan ayyuka kamar zanen taswirar tafiye-tafiyen manzo Bulus a ƙasa. Da kaka, lokacin bikin godiya, ana manna ƙwayar masara da gero da wake da riɗi a kan kwali su fitar da hoto, riɗi kuwa amfanin gona ne da Jihar Nasarawa ta yi suna a kansa.

Kowane aiki da shekarun da ya dace da su. 'Yan shekara 3 zuwa 5 ba sa daɗewa a zaune. Nasu shi ne gajeren labari, waƙa mai motsi, murza yumɓu da buga tafin hannu a takarda. 'Yan 6 zuwa 9 sun iya yanka da mannawa da fitowa a wasa, suna kuma son gasa. 'Yan 10 zuwa 12 sun fara tambayar dalili, saboda haka su ake ba tsara wasa, da zanen taswira, da shirya tambayoyi, da jagorancin ƙannensu. A ajin awa ɗaya, ana iya ba waƙa da addu'a minti 10, labari minti 15, aikin hannu minti 20, aya minti 10, sauran minti 5 kuma na tattara kaya da sallama. Ƙa'idar ita ce a fara tsayar da saƙon darasi a jimla ɗaya, sannan a nemi aikin da zai ɗauke shi. Idan aka fara zaɓen aiki don kyansa, sannan aka nemo masa aya, yara za su tuna jirgin su manta da Nuhu.

Yawancin majami'u suna fama da yara da yawa, malamai kaɗan, ɗaki ƙarami ko gindin mangwaro. Maganin haka shi ne raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace da babban yaro ko matashi mai kula da ita, da ajiye akwati ɗaya na kayan aiki wanda iyaye ke zuba wa kwali da ƙyalle da marafan kwalba. Malami ya gwada aikin a gida kafin Lahadi, ya san inda zai yi wuya. Yaron da ba ya gani sosai a ba shi yumɓu da kiɗa, wanda ba ya ji sosai a zaunar da shi gaba ya ga hoto da bakin malami, wanda ba ya iya tafiya a ba shi gurbin mai ba da labari ko na sarki a kan kujera.

Lafiyar yara tana gaba da kowane aiki. Reza da wuƙa da allura a hannun manya suke zama, ɓawon kara ma yana yanka kamar reza. Ƙananan ƙwayoyi da duwatsun ado ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne, domin sukan kai su baki ko hanci ko kunne. Idon zakara, wato 'yar ƙwayar nan ja mai ɗigon baƙi, tana da kyau a ido amma dafi ce mai kisa idan aka tauna. Haka 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu. Robar maganin feshi ko ta maganin ciyawa ba ta zama mazubin ruwa ko fenti, ko an wanke ta. Ba a fasa tsohon batir don a samu baƙin shafa wa allo. A wasan Kirsimeti, kyandir da busasshiyar ciyawa da iskar hunturu ba sa haɗuwa. Tocila ta wadatar. A wanke hannu da sabulu bayan aikin yumɓu, kafin a raba abin taɓawa. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗora wa duk mai kula da yaro alhakin kare shi, saboda haka kyakkyawan tsari shi ne manya biyu a kowane aji, ƙofa a buɗe, kuma a san wanda ke zuwa ɗaukar kowane yaro. Bulala da tsawa ba sa haifar da ƙirƙira; yaron da ke tsoron kuskure kwafar na maƙwabcinsa kawai zai yi.

Zaman tare ma yana da nasa haƙƙi. Keffi gari ne mai tsohon tarihin Musulunci, yaran Gangaren Tudu da unguwannin da ke kewaye da ita kuma tare suke wasa, tare suke ɗibar ruwa, da yawa makaranta ɗaya suke zuwa. Abokin ɗan makarantar Lahadi ya san allo da tawada da zayyanar da ake yi wa allon sauka, ya kuma san sunayen Nuhu da Ibrahim da Yusufu da Musa da Dawuda da Maryamu. Sai dai Musulmi ba sa zana annabawa, ba sa kuma fitowa a matsayinsu cikin wasa. Saboda haka irin waɗannan hotuna da wasanni a harabar majami'a da cikin gida suka fi dacewa, kuma ana koya wa yara kada su mai da su abin tsokana. Ba a shirya wasan da ke yi wa wani addini ba'a, ko wanda ke mai da karin harshen wata ƙabila abin dariya. Ɗan maƙwabci da ya biyo abokinsa ba a shigar da shi aji ba tare da sanin iyayensa ba.

Aikin ba ya ƙarewa a ƙofar majami'a. Maimaitawar Shari'a sura 6 ta ɗora koyar da 'ya'ya a wuyan iyaye, a zaune a gida da kuma a kan hanya. Tunkiyar yumɓu ko zanen da yaro ya kawo gida dama ce ga uwa ko uba su tambaye shi labarin da ke bayansa, su kuma nemi wurin ajiye shi maimakon a share shi da shara. Dattawan ikilisiya kuma nasu shi ne ware wa sashen yara wani abu daga baiko, da tura malamai horo, da ba yara wata Lahadi su nuna wa manya abin da suka yi.

Wajen auna nasara, kyan abin da aka ƙera ba shi ne ma'auni ba. Tunkiya mai ƙafa uku wadda mai ita zai iya faɗin yadda ta ɓata, da wanda ya tafi nemanta, da abin da ya yi da ya same ta, ta fi kyakkyawar tunkiyar da malama ta gyara da hannunta. Hanya mafi sauƙi ita ce a farkon kowace Lahadi a ɗauko aikin makon jiya, a miƙa wa yaro ɗaya ya ba da labarin, saura su cike inda ya tsallake. Inda suka yi tuntuɓe, nan ne malami zai koma kafin ya shiga sabon darasi.